Na ɗauki injiniyoyi su duba lafiyar gini kafin mu ƙara hawa, ga ra'ayina kan aikinsu

Jama'a wannan ra'ayina ne kan wani aiki da aka biya aka yi mana, wato binciken lafiyar gini, irin wanda kamfanin injiniyoyi ke zuwa su gwada ƙarfin kankare su leƙa rodin da ke ciki su tona gindin fandishan sannan su rubuto maka rahoto ko ginin zai ɗauki abin da kake son ɗora masa ko ba zai ɗauka ba. Idan taurari biyar ake bayarwa ni huɗu zan ba su, ɗayan da na riƙe kuma zan faɗi dalili don ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Sunan kamfanin ba zan sa ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma dama abin da nake so mutum ya samu a nan shi ne yadda aikin yake tafiya da abin da zai nema a wurin duk wanda ya ɗauka.

Ginin bene ne hawa uku, ƙasa shaguna sama gidajen haya, ni nake kula da shi a madadin masu shi, kuma ginin ya kwana biyu. Masu shi suka ce a ƙara hawa ɗaya. Maginin da zai yi aikin ya zagaya ya bubbuga pila da tafin hannu ya ce wannan ko hawa biyu aka ɗora masa ba zai motsa ba, kuma ni ban raina shi ba don ya san aikinsa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai kuma ido ba ya shiga cikin kankare. Shi ya sa na dage sai an kira masu gwaji.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su fara da na'ura ba, da tambaya suka fara. Ina zanen ginin na asali, wanda ya nuna girman pila da bim (wato kankaren da ke kwance a kan pila yana ɗauke da dekin) da yawan rodi? Babu, ya ɓata. Yaushe aka gina? An taɓa fasa bango ko rufe ƙofa ko buɗe wata? Me ake ajiyewa a kowane hawa? Ina ruwa yake yoyo in an yi sama? Babban injiniyansu mutum ne mai natsuwa, ya ce min “Malam, tunda babu zane to aikin zai ƙaru fa, don duk abin da takarda za ta gaya mana sai mun tambayi ginin da kansa”, kuma ya faɗi hakan tun kafin mu yi yarjejeniya ba wai sai da aka shiga tsakiyar aiki ya zo da ƙarin magana ba. Wannan kaɗai ya sa na ji hankalina ya ɗan kwanta da su. Sai suka auna ginin gaba ɗaya suka sake zana shi, tazarar pila zuwa pila, kaurin dekin, zurfin kowane bim, har inda tankin ruwa yake zaune a sama.

Daga nan suka bi tsaga ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai sun ɗauki hoto sun sa mata lamba sun auna faɗinta da wani ɗan kati mai layuka. A nan na fara koyon abu, don ni a wurina tsaga tsaga ce, a shafe ta da siminti a yi fenti shi kenan. Ashe kowacce da maganarta. Waɗanda suka fi tsorata masu haya, masu yawa sirara da suka bazu a fuskar bango, ya ce na filasta ne kawai ba su taɓa jikin ginin ba. Wadda ya tsaya a kanta ya daɗe kuwa ko lura da ita ba a yi, wata ce da ta tashi a karkace daga kusa da inda bim ya hau kan pila, ya ce tsagar da ta kwanta a karkace haka a kusa da matokari alama ce ta ƙarfin yanka, wato nauyi yana neman ya datse bim ɗin a wurin, kuma irin wannan karyewar ba ta cika yin sallama ba, ba kamar bim ɗin da ya lanƙwasa a tsakiya ba wanda zai yi ta sunkuyawa yana nuna maka kafin ya bari. Ya kuma ce a ƙa'idar zane ana ƙoƙarin kar faɗin tsaga a kankare mai rodi ya wuce wajen milimita 0.3, amma faɗi kaɗai ba shi ne magana ba, wurin da take da kuma ko tana ƙaruwa su ne magana. Suka manna wasu ƙananan faranti biyu na roba masu ma'auni a kan tsagar, ɗaya a kowane gefe, in ta motsa za a gani a layin.

Sai gudumar Schmidt. Wannan kusan duk wanda ya taɓa ganin ana gwajin gini ya san ta, wata 'yar na'ura ce da ake dannawa a jikin kankare ta buga ta dawo, nisan dawowar ne ke ba da lamba, wani injiniyan ƙasar Suwizalan mai suna Ernst Schmidt ne ya ƙirƙiro ta a 1948 kuma har yau da ita ake aiki. Yadda suka yi amfani da ita ya nuna min sun san abin da suke yi, sai sun kankare filasta sun kai ga ainihin kankaren sun goge wurin da dutse ya yi sumul, sannan su buga wajen sau goma a wuri ɗaya su fitar da matsakaici, wanda ya yi nisa da 'yan uwansa su jefar da shi. Kuma shi da bakinsa ya ce min kar in yarda da duk wanda ya zo da guduma kaɗai ya buga ya rubuta min cewa ginin lafiya lau, saboda fuskar kankare kawai take ji, tsohon kankare kuma fuskarsa tana ƙara tauri da shekaru sai lambar ta fito sama alhali cikin bai kai haka ba, in kuma ta faɗa kan tsakuwa ko saitin rodi ma lambar tashi take yi. Amfaninta shi ne ta nuna maka wace pila ce ta fi wata rauni don ka san inda za ka zurfafa bincike. Ina roƙon duk wanda zai ɗauki irin wannan aiki ya riƙe wannan, don na ji labarin masu zuwa da guduma ɗaya a jaka su ba ka takarda mai hatimi kafin la'asar.

Zurfafa binciken shi ne yanko kankare. Suna da wani inji mai baki zagaye da ke huda bim ko dekin ya fito da guntu mai siffar silinda faɗinsa wajen milimita 100, a kai ɗakin gwaji a matse shi har ya fashe, a nan ake sanin ainihin ƙarfinsa. Kafin su huda sai sun bi wurin da sikana da ke gano rodi ta cikin kankare sun zana layukan da alli don kar su yanke rodi, kuma wannan sikanar ce ta nuna tazarar rodi da kuma kaurin kankaren da ya rufe shi. Gaskiya aikin yana da ƙara da ruwa da ƙazanta, masu shago sun yi ƙorafi, amma yaran kamfanin sun rufe kayan mutane da leda sun share wurin kuma sun cike kowane rami da wani siminti na musamman da ba ya ƙanƙancewa in ya bushe. Sakamakon ya fito wasu wuraren da dama-dama, amma pilolin ƙasa guda biyu ƙarfinsu ya gaza abin da ake tsammani a ginin da ke ɗauke da hawa uku, kuma ka san pilar ƙasa ita ke ɗauke da kowa.

Gwajin da ya fi tsaya min a rai shi ne na wani ruwa da ake kira fenolftalin. Suna fesa shi a jikin guntun da aka yanko yanzun nan, inda kankaren yake da lafiya sai ya koma ruwan hoda mai kauri, inda bai canza launi ba kuwa iskar kabon ta riga ta cinye shi. Bayanin da ya yi min shi ne sabon kankare yana da kaifin alkali sosai, wato kaifi irin na kanwa, ma'auninsa na pH yana wajen 12 zuwa 13, wannan kaifin ne ke hana rodi tsatsa, to iskar kabon tana shiga daga waje a hankali shekara bayan shekara tana rage shi, in ya sauko wajen 9 a daidai inda rodin yake to kariya ta ƙare, da danshi ya samu wuri tsatsa za ta fara. Ita kuma tsatsa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi ninki biyu ko fiye, sai ta tura kankaren daga ciki ya tsage ya ɓare ya faɗo. A ƙarƙashin banɗakunan hawa na biyu abin da ya faru kenan, bututu ya daɗe yana yoyo ana ta shafe tabon da fenti, da suka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma sai ka ji sauti kamar na fanko, suka ɓare wurin ga rodi nan ya yi ja ya sirance har ana iya ɓantare ɓawonsa da yatsa. Kuma rodin ya yi kusa da waje da yawa, inda ya kamata a samu kankare ko da milimita 25 a kansa wani wurin ko rabin haka babu, alamar ranar zuba dekin ba a sa masa abin ɗagawa ba an bar shi kwance kan katako.

Sun kuma tona rami biyu a gindin pila har suka ga fandishan, suka auna faɗinsa da kaurinsa suka ɗebi ƙasa suka tafi da ita. Wannan ɓangaren ba zan ja shi ba, ƙasar ba ta da matsala sosai, amma fandishan ɗin daidai hawa ukun aka yi shi babu rarar kirki.

To da aka gama tattara duk wannan sai lissafi, kuma a nan ne na gane maganar “ko hawa biyu zai ɗauka” ba ta da tushe. Kankare mai rodi kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi tana kai kilo 2400 ko fiye. Dekin mai kaurin santimita 15 kenan kowace murabba'in mita tana kilo 360, in faɗin hawan murabba'in mita 100 ne ka ga tan 36 kenan tun ba a sa bulo ba, ba a sa filasta da tayil ba, ba a sa bim da pila ba, mutane da kayansu ma ba su shigo ba. Sannan injiniya ba ya lissafa nauyi yadda yake, sai ya ƙara masa, a ƙa'idar Turai ana ninka nauyin ginin kansa da 1.35 na mutane da kaya kuma da 1.5, a tsohuwar ƙa'idar Birtaniya BS 8110 kuwa 1.4 da 1.6 ne, saboda ba wanda ya san ranar da za a cika ɗaki da mutane ko a jibge kaya a kusurwa ɗaya. Wannan rarar ce mutane ke ci ba su sani ba, su ga gini a tsaye su ce ai ga shi nan bai faɗi ba, alhali abin da aka ajiye don ranar tsanani ne aka riga aka kashe.

Kuma mu ma ashe mun fara cin tamu rarar. Tankin ruwan da ke sama lita 5000 ne, lita ɗaya kilo ɗaya, tan 5 kenan in ya cika, kuma ba a kan pila aka zaunar da shi ba, a tsakiyar dekin yake inda ya fi sauƙin jan bututu. Sannan wani ɗan haya a hawa na farko ya mai da ɗaki ɗaya sito yana tara katan-katan na tayil har kusan rufi, alhali ɗakin zama ana zana shi ne kan kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita. Injiniyan bai jira rahoto ba, a ranar ya kira ni gefe ya ce “Malam, kayan nan a sauke su yau ko gobe, tankin kuma a daina cika shi har mu ce inda za a mai da shi, wannan ba sai na rubuta ba.” Wallahi wannan ya ƙara musu daraja a idona, don da sun bari sai rahoto ya fito bayan makonni ba wanda zai ce sun yi laifi a takarda.

Rahoton da kansa, abin da ya fi amfani a cikinsa shi ne jadawalin haɗari. Kowace matsala sun ba ta maki biyu, ɗaya na yiwuwar faruwa daga 1 zuwa 5, ɗaya na munin abin in ya faru shi ma 1 zuwa 5, a ninka su, mai maki mafi yawa ya hau sama da jan launi, a gefensa an rubuta me za a yi kuma cikin wane lokaci. Sun ce tsarin yana bin ruhin ISO 31000, ƙa'idar duniya kan sarrafa haɗari wadda ta fara fitowa a 2009 aka sabunta ta a 2018. Amfanin wannan ga mutum irina ba ya misaltuwa, saboda masu gini kuɗinsu ba zai gyara komai a lokaci ɗaya ba, kuma in ka bar su abin da ido ke gani za su fara gyarawa, fenti da filasta da tayil ɗin da ya fashe, su bar pilar da ke ƙasa don ita ba ta da muni a ido. Jadawalin ya juya wannan tsarin. Na sama shi ne nauyin da ya wuce kima a dekin, sai bim mai tsagar karkace wanda suka ce a tokare shi da jak na ƙarfe nan take kafin a yi gyara na dindindin, sai pilolin nan biyu da za a ƙara musu kauri da sabon rodi da kankare a zagaye, sai tsatsar ƙarƙashin banɗaki wadda suka jaddada cewa sai an fara kashe yoyon ruwan in ba haka ba gyaran banza ne. Tsagar filastar da kowa ke kuka a kai ita ce can ƙarshe da koren launi. Batun ƙarin hawa kuwa layi ɗaya suka yi masa, a halin da ginin yake ba su amince ba.

Masu ginin ba su ji daɗi ba, wannan gaskiya ce, an riga an yi lissafin kuɗin hayar sabon hawa. Ɗaya daga cikinsu ya kira injiniyan ya ce ko za a ɗan sassauta kalaman, a ce ana iya yi in an bi a hankali. Ya amsa da ladabi cewa akwai hanya, a ƙarfafa pila da fandishan tukuna sannan a yi hawan da abu mara nauyi kamar ƙarfe da rufin kwano maimakon dekin da bulo, kuma sai an sake lissafi an sake zane, amma ya sa hannu kan cewa a ɗora dekin a kan abin da ke nan yanzu ba zai yi ba. A wurina wannan shi ne ainihin abin da muka saya. Duk na'urorin nan ana iya hayo su, wanda zai ce maka a'a alhali kai ne ke biyansa shi ne mai wuyar samu.

Kuma duk wanda ya karanta labarin manyan rushewar gini zai ga yawanci ba rashin alama ba ne. Kantin Sampoong a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, hawa huɗu aka tsara aka ƙara na biyar, aka ɗora manyan injinan sanyaya iska a sama har aka ja su a kan rufin lokacin canza musu wuri, ranar 29 ga Yuni 1995 tun da safe tsaga ta buɗe a hawa na sama shugabannin kantin suka gani amma ba su fitar da mutane ba don kar a rasa cinikin ranar, da yamma ya rufta mutum 502 suka rasu. Rana Plaza, wani bene mai masana'antun ɗinki a Savar kusa da Dhaka a Bangaladash, an ƙara hawa na sama ba da izini ba an sa manyan janareta, tsaga ta bayyana ranar 23 ga Afrilu 2013 banki da shagunan ƙasa suka rufe, amma aka ce ma'aikatan ɗinki su koma aiki washegari, ginin ya rufta da su mutum 1134 suka mutu. Wanda ya fi taɓa ni kuma shi ne Champlain Towers South, wani benen gidajen zama a Surfside ta jihar Florida a Amurka, don su sun ma yi abin da muka yi, sun ɗauki injiniya a 2018 ya rubuta musu cewa ruwa ya yi wa kankaren ƙarƙashin farfajiyar wurin ninkaya babbar illa, aka yi ta ja-in-ja kan kuɗin gyara, ranar 24 ga Yuni 2021 wani ɓangaren ginin ya sauko da tsakar dare mutum 98 suka rasu. Rahoto yana nan a ajiye, gyara ne bai zo kan lokaci ba.

Wannan ya kawo ni kan tauraron da na riƙe. Na farko, bayan sun miƙa rahoto shiru kake ji. Farantan da suka manna a kan tsaga sun ce za a riƙa karanta su lokaci zuwa lokaci, amma ba su ce wa zai karanta ba, ba su sa shi cikin yarjejeniya ba, ni na yi ta kira kafin aka turo wani yaro ya duba, daga baya na ce a koya min kawai in riƙa ɗaukar hoto ina tura musu ta WhatsApp. Kamfanin da ya rubuta da jan launi cewa a tokare bim nan take ya kamata ko waya ya bugo bayan 'yan kwanaki ya tambaya an tokare kuwa, ko da ba a biya shi don haka ba, don rai ake magana. Ba su bugo ba.

Na biyu, rahoton don injiniyoyi aka rubuta shi, shafi bayan shafi na lambobi da alamomi da jadawalin da in ba ka yi karatun ba ba za ka gane kansa ba, alhali waɗanda za su fitar da kuɗin gyara ba injiniyoyi ba ne. Duk bayanin da na kawo muku a sama daga bakin injiniyan na same shi ina bin sa ina tambaya, ba daga takardar ba. Shafi ɗaya a gaba da magana mai sauƙi, ga abin da zai iya kashe mutum, ga abin da zai iya jira, da ya wadatar. Na faɗa musu sun ce sun ji.

Na uku kuma shi ne ya fi ci min rai, ba su taɓa batun gobara ba ko kaɗan. Ginin nan matakala ɗaya gare shi, kuma a ƙarƙashinta mitocin wuta suke da tarin wayoyi, ƙofar ƙasa kuma ana kulle ta da kwaɗo da dare. Sun hau matakalar nan sun sauka ba adadi. Da na tambaya sai aka ce wannan ba ya cikin iyakar aikin, su ƙarfin gini aka ɗauke su dubawa, gobara wani fanni ne da nasa masana. Na yarda fanni ne daban kuma ba na so mutum ya sa hannu kan abin da ba nasa ba, amma layi biyu a rahoton cewa mun lura da kaza a nemi mai duba lantarki da hanyar fita, me zai rage musu? Grenfell Tower, wani dogon benen gidajen zama a Landan da ya kama da wuta ranar 14 ga Yuni 2017 bai rushe ba, kankarensa ya tsaya, amma mutum 72 suka rasu a ginin da shi ma matakala ɗaya gare shi. Wanda ke kwana a hawa na uku ba ruwansa da iyakar aiki, ko dai zai iya sauka ko ba zai iya ba. Daga baya wani daban muka kira ya duba wannan ɓangaren, aka mai da mitocin waje aka canza kwaɗon da makullin da ke buɗuwa daga ciki ba sai da ɗan makulli ba.

Akwai kuma wani abu da ba laifinsu ba ne amma mutum ya sani, sun rubuta shi ƙarara a rahoton cewa wuraren da suka gwada kawai suke magana a kai. Ba kowace pila aka huda ba, ba kowane fandishan aka tona ba, samfuri ne aka ɗauka aka yi hasashen sauran. Yawan samfurin kuma da kuɗi yake tafiya, in ka matsa a rage kuɗi wuraren gwaji ake ragewa ba wani abu ba, sai rahoton ya fito da kauri iri ɗaya amma abin da ya sani game da gininka ya ragu. Mu ma an so a rage, injiniyan ya nuna a kan zanen waɗanda za a iya bari da waɗanda in an bar su gara kar a yi aikin.

Shin zan sake ɗaukarsu? E zan sake, har na ce su za su zana gyaran pilolin su kuma tsaya a kan maginin ranar zuba kankare, a ɗebi samfuri a cikin akwatin gwaji a matse bayan kwana 7 da kwana 28 kamar yadda ƙa'ida take. Amma wannan karon sai an rubuta a yarjejeniya wa zai dawo duba tsagar kuma sau nawa, sai an sa shafin bayani mai sauƙi, sai an rubuta cewa duk haɗarin da suka gani ko ba na fanninsu ba za su ambata. Kuma kafin ka ɗauki kowane kamfani ka tambayi wane ne zai sa hannu a rahoton da sunansa, ka duba lambar rajistarsa a hukumar injiniyoyin ƙasarku da kanka ba hoton satifiket da zai turo maka ba, ka tambaye shi ko shi ɗin zai zo wurin da ƙafarsa ko yara zai turo ya sa hannu daga ofis, ka kuma tambayi wane ɗakin gwaji za a kai samfurin kuma ko za a ba ka asalin takardar sakamakon. Namu ya amsa duk waɗannan ba tare da ya ɓata rai ba, takardar ɗakin gwajin ma da hatiminta aka liƙa ta a bayan rahoton.